Duron Man da Muka Ajiye wa Injiniya

Har yau ranar da jar motar Injiniya Mukhtar ta mutu a bakin titin Sharaɗa ba ta fita daga raina ba. Amma labarin ya faro ne tun shekarar da aka cire tallafin man fetur, lokacin da masu motoci suka jingine su suka koma hawan a-daidaita-sahu, mu kuma aka aiko mana da duro guda na mai daga Legas. Ina rubuta shi ne saboda ku direbobin da kuka zo bayana, kada wani ya sake yin abin da na yi.

Sunana Sale. Na shiga kamfanin Alhaji shekara ashirin da huɗu da suka wuce a matsayin direba. Kamfanin roba ne, ana yin buta da bokiti da kujeru. Lokacin da na zo, aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare, motocin dakon kaya bakwai, direbobi tara. A kanmu akwai shugaban direbobi, a kansa akwai manajan sufuri, sannan Alhaji. Ni ne sabo, don haka ni aka ɗora wa kai yaran gidansa makaranta. A haka na san Mukhtar, babban ɗansa namiji, tun yana firamare. Shi ya sa har ya zama injiniya bai daina ce mini Baba Sale ba.

Da wutar lantarki ta yi ƙaranci, man gas ya yi tsada, sai aiki ya koma kashi ɗaya. An sayar da motoci biyar, direbobi suka watse, aka rufe ofishin sufuri. Ni aka bari saboda daɗewa, aka ce in riƙa kula da abin da ya rage a garejin baya. Ɗakina yana Panshekara. Iyalina suna ƙauyenmu a Jigawa, sai ƙarshen wata nake ganinsu. Asabar da Lahadi da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Sauran kwanaki ni da garejin ne, wani lokaci in wuni ban yi magana da kowa ba sai maigadi.

A garejin nan motar take. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan yana taɓa ƙasa. Mukhtar ya saye ta kafin korona, ya hau ta wata bakwai, sannan ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi. Alhaji ya sa aka kawo ta kamfani domin a gida jikoki suna hawa kanta.

Ga wanda bai sani ba, motar da aka ajiye tana da hidimarta. Kowace Alhamis bayan Azahar nakan yaye tamfol, in duba ruwa da baƙin mai da iskar taya, in haɗa batir, in tayar. Sai in matsar da ita gaba da baya a cikin haraba don kada taya ta kwanta gefe ɗaya. Bayan La'asar kuma sai Alhaji ya zo, in sake tayar da ita a tsaye ta yi minti ashirin.

Alhaji ya haura saba'in, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, mahaifiyar Mukhtar kuma ta rasu. Zai ba ni sandarsa, ya juya baya, ya dafa kafaɗata, ya sauka a hankali cikin kujerar gefe, sannan in ɗaga masa ƙafar in shigar. Ni in zauna a ta direba. Haka za mu zauna inji yana gurnani, muna kallon bangon gareji. Bai taɓa yarda in motsa ta yana ciki ba. Ya ce sai mai ita ya zo.

Wata Alhamis ya ce, "Sale, ka san abin da ya sa nake wahalar da kaina da motar nan?"

Na ce, "Ranku ya daɗe, ko kyanta ne?"

"Wane kyau? Abu kamar an taka gwangwani. Kujera biyu gare ta, shi ke nan. Idan Mukhtar ya zo gida ba na samunsa. Ga abokai, ga 'yan'uwa, ga waya a kunne. In na kira shi can kuwa, da na ɗauko zancen kamfani sai ya ce, Baba, sai na zo. To cikin wannan ba mai shiga na uku. Zan ce ya kai ni hanyar Zariya, mu wuce Na'ibawa, mu miƙe har Kura. Kafin mu juyo na gaya masa ya dawo gida ya karɓi kamfanin nan tun ina da rai. In zai ƙi, ya ƙi a gaban idona."

Daga ranar na san motar ba don gudu ake ajiye ta ba. Tafiya guda take jira.

Duron ya iso gab da Babbar Sallah. Mukhtar ya aiko da saƙon murya a wayar Alhaji, aka kunna mini. Ya ce, "Baba Sale, wannan shi ne ainihin abincinta, da ƙyar aka samo shi. A riƙa ba ta shi. Ina nan zuwa da Sallah in Allah ya yarda." Manajan kamfani ya ce kuɗin duron da na dakonsa ya ninka na gidan mai sau da yawa, a lokacin da na gidan man ma ya gagari mutane. Mun yanke hatimin murfin, muka leƙa. Man garai-garai ne, ƙamshinsa yana da kaifi.

A makon ne Bala bakanike ya zo canza baƙin mai. Shi ke duba motocin kamfani duk bayan wata uku, mutum ne mai tsokana. Yana shigowa ya ce, "Malam Sale, direban da ya fi kowa gudu a Kano, taku goma a mako."

Na nuna masa duron, na tambaye shi abin da ya bambanta shi da na gidan mai. Sai ya buɗe marfin tankin motar ya nuna mini wata 'yar takarda a manne a ciki.

"Karanta mana, tunda yanzu ɗan makaranta ne kai."

Na karanta. Casa'in da takwas.

Ya ce, "Madalla. Wannan lambar ita ake kira okten. Injin irin wannan mota yana matse mai da iska sosai kafin filogi ya ba da wuta. Man da lambarsa ta yi ƙasa ba ya jure matsin, sai ya kama da wuta kafin lokacinsa, ka ji inji yana ƙwanƙwasa. Na duron nan ba ƙarfi ya fi ba, juriya ya fi."

"To in an ba ta na gidan mai lalacewa za ta yi?"

"Akwai wata 'yar na'ura a jikin injin, kunne gare ta. Da ta ji ƙwanƙwasa sai ta sa motar ta rage wa kanta ƙarfi. In mai ita zai hau titi ya take totur har ƙasa a zafin nan namu, to wannan ya cancanta, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma kai da kake ɗumama ta a tsaye kamar mai dafa shayi? Ita kanta ba za ta san bambanci ba."

"A-kori-kurar kamfani fa, in na ɗan zuba mata?"

"Asara. Injinta bai nema ba, ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba."

Duk abin da Bala ya faɗa gaskiya ne. Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, shi ma bai zaci akwai buƙatar ya faɗa ba.

A ƙauyenmu, idan abu mai kyau ya shigo gida, ba 'yan gida ke mora ba. Buhun shinkafa, ƙwaryar man shanu, sabuwar tabarma, duk mahaifiyata takan ɗaga su sama a ɗakinta, mu ci tuwon dawa mu kwanta a tsohuwa, har ranar da baƙo zai sauka. Da wannan na tashi. Don haka ranar Alhamis na ce wa Alhaji, "Ranku ya daɗe, Bala ya ce ɗumamawa ba ta buƙatar na duro. Me zai hana mu ci gaba da ba ta na gidan mai, mu ajiye wannan har Injiniya ya zo? Ranar tafiyarku sai a cika mata tanki da shi."

Ya dube ni, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Sale, ashe kana da kai. Kada ka gaya masa. Ya zo ya tarar."

Na mirgina duron zuwa wani ƙaramin sito na kwano a bayan gareji, nesa da janareta saboda gobara, na sa kwaɗo.

Mukhtar bai zo da Sallar ba. Bai zo da ta gaba ba. Bai kuma ƙara tambayar man ba. Duron ya ga damina biyu da bazara biyu a siton nan. Da rana kwanon yakan yi zafin da ba a iya dafa shi. Da damina rufin yana ɗiga, ruwa ya taru a kan duron, in na gani in goge da tsumma. Duk farkon wata nakan buɗe murfin in zura sanda in ga ko yana nan yadda yake, in mayar in ɗaure da hannu. Wani lokaci Alhaji yakan ce in buɗe masa ya shaƙa. Da na ga man yana raguwa kaɗan-kaɗan, sai na zargi mutane, na sayi sabon kwaɗo da kuɗina, na rataye makullin a wuyana. Ya ci gaba da raguwa. Ban kawo a raina cewa iska ke shan shi ba.

Bayan kusan shekara biyu aka sa bikin ƙanwar Mukhtar, 'yar autar gidan, ya ce zai zo kwana huɗu. Ɗaurin aure Juma'a, jirginsa Lahadi. Alhaji ya ce, "Asabar da safe tamu ce. Na riga na gaya masa ina son ya ɗana ni a motarsa, ya yi dariya ya ce to."

Makonni kafin nan na daina ƙara mata mai, har fitilar tanki ta kama. Ranar Juma'a bayan an watse daga ɗaurin aure na dawo kamfani. Na wanke ta, na goge ta, na buɗe sito. Na zura tiyo har ya taɓa ƙasan duro, domin a tunanina albarkar abu a ƙasa take kwanciya, kamar ta kunu. Na zuƙa da baki, na tara a jarka, na juye a tanki da mazurari, har sau uku. Na lura man ya yi duhu kamar shayin da ba madara, ƙamshinsa ya koma irin na fenti. Na ce a raina ya nuna ne. Ban tayar da ita ba, don ina son mai ita ya fara jin muryarta da man nasa.

Asabar Alhaji ya riga kowa zuwa, cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Ya zauna a benci yana duba agogo. Wajen ƙarfe goma Mukhtar ya iso a babbar motar gidan, tare da direba da abokansa biyu. Ya rungume ni.

"Baba Sale, ka yi furfura."

"Kai kuma ka yi ƙiba, Injiniya. Anya za ka shiga?"

Ya zagaya motar yana shafa ta. Ɗaya daga cikin abokan ya ce shi zai fara hawa. Alhaji ya miƙe ya ce, "Ni ne farko, ni ne ƙarshe."

Mukhtar ya ce, "Baba, da gwiwar nan taku?"

"Shekara huɗu ina koyon shiga. Sale, riƙe sandar."

Ya shiga da sauƙin da bai taɓa shiga da shi ba. Mukhtar ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya. Maigadi ya wangale ƙofa. Na tsaya a bakin titi da sandar Alhaji a hannuna ina kallonsu, hularsa tana taɓa rufin motar. Sun wuce mai shayi, sun kai tsawon katangar masaƙar nan da aka rufe. Sai na ji ta yi tari. Ta zabura, ta sake tari, hayaƙi ya fito daga salansa, ta gangara gefe ta tsaya. Na ji Mukhtar yana murɗawa, sau uku, sau huɗu. Ba ta amsa ba.

Na ruga da gudu. Ta tsaya ne dab da kwalbati, ƙofar Alhaji ba ta buɗuwa sosai. Sai da ni da mai shayi muka kama shi ta hammata muka ciro shi, shaddar ta goge a jikin taya, masu a-daidaita suna ta danna ham suna kallo. Muka zaunar da shi a bencin mai shayin.

Mukhtar ya buɗe marfin tanki ya kai hancinsa, ya ɗago.

"Baba Sale, wane mai ne a cikinta?"

Na ce, "Naka ne, Injiniya. Wanda ka aiko. Mun ajiye maka."

"Wanda na aiko yaushe?"

"Na duron nan."

Ya fara dariya, sai ya dubi mahaifinsa a kan benci, dariyar ta tsaya. Ya ce in kai shi siton. Ya sa na zuƙo man a cikin farar kwalba, ya ɗaga ta a rana. Sama ja-ja ne mai duhu, ƙasa kuwa ga ruwa a kwance, da wani baƙin gari kamar na tsatsa. Ya nuna mini wasu lambobi a jikin duron, ya ce ranar da aka ɗura shi ke nan. Lambobin nan na sha kwafarsu a littafina don gwajin hannu, ban san kwanan wata ba ne.

Ya ce a hankali, "Da kun ba ta shi tun lokacin, da ya ƙare lafiya. Da ma na gidan man kuka bari a ciki yau, da mun je mun dawo."

Na ce, "Ni na kawo shawarar."

Ya dafa ni ya ce, "Ba komai, Baba Sale. Mota ce."

Kafin mu fito wayarsa ta fara ƙara, ana jiransa a wajen walima. Abokan suka matso da babbar mota. Aka sa Alhaji a gaba kusa da direba, Mukhtar da abokansa biyu suka shiga baya, su biyar, kowa yana magana a kan ɗaya. Na miƙa wa Alhaji sandarsa ta taga. Ni da maigadi da mai shayi muka turo jar motar muka mayar da ita gareji.

Bala ya zo Litinin. Ya sauke tanki, ya ciro famfon mai da filta, ya kwance nozul shida ya jera su a kan tsumma. Duk sun toshe da wani abu mai danƙo. Wannan karon bai tsokane ni ba.

"Malam Sale, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Ban san abin tambaya ba ne."

"Fetur ba hatsi ba ne. A zafin nan 'yan watanni yake yi, ballantana ana buɗe shi kowane wata. Abin da ke sa shi kamawa shi ke fara tashi ya bi iska, sauran ya yi danƙo. Ruwan da ke taruwa a kan duro kuma, da ƙarfen ya huce sai ya zuƙe shi ta murfi. Mai tsada da mai araha duk ɗaya ne a nan."

Ya ce kayan gyaran sai an yi odarsu daga waje. Aka gaya wa Mukhtar, wanda ya riga ya koma. Ya ce ba sai an wahala ba, akwai wani a Abuja da ya daɗe yana son motar, zai ɗauke ta a yadda take. Bayan mako biyu wata motar dako ta zo aka ɗora ta aka ɗaure. Ni na naɗe tamfol ɗin na sa musu a ciki.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Alhaji ya zo bayan La'asar kamar kullum. Ya tsaya a bakin gareji yana kallon inda tayoyin suka bar alama a siminti. Na jawo masa benci, na zauna a ƙasa.

Na ce, "Ranku ya daɗe, ku yafe mini."

"Kai ka kawo shawara, ni na ji daɗinta. Mu biyu muka ajiye."

Sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Kun samu kun yi maganar?"

"Na raka shi filin jirgi. Mu bakwai muka je. Na ja shi gefe na fara, sai aka kira su shiga jirgi." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Ya ce, Baba, sai na zo."

Ya zauna kamar minti ashirin, sannan ya tashi da kansa ya tafi. Alhamis ta gaba na share garejin na fito da bencin. Bai zo ba. Yana nan da ransa a gidansa na Nassarawa, manaja ke kai masa takardu ya sa hannu. Da Sallah nakan je in gaishe shi cikin jama'a, ya ɗaga mini hannu.

Abin da zan gaya muku game da man nan kaɗan ne. Ku buɗe marfin tanki ku karanta lambar da motar ta nema. In ta nemi babba, kuma za a hau titi a more ta, to mai tsadan ya cancanci kuɗinsa. In ba ta nema ba, kada ku yi wa maigida asara. In kuma an kawo shi, ku zuba shi a ƙone shi, ba na ajiya ba ne. Kuma duk abin da aka ba ku ajiya a wajen aiki, ko kuna ganin kun san irinsa a gida, ku tambayi mai sana'ar kwana nawa yake yi. Ni na yi shekara ashirin da huɗu ina zuba mai a mota, ban taɓa barinsa ya kwana biyu ba ballantana in sani.

Ba a kore ni ba, ba a taɓa albashina ba, ba wanda ya ɗaga mini murya. Abin da aka rasa shi ne duro guda na mai, famfo ɗaya, filta ɗaya, nozul shida, da motar kanta. Sai tafiya guda zuwa Kura da dawowa, wadda Alhaji ya yi shekara huɗu yana shiri, bai samu ko minti biyu a cikinta ba.